Kafin ƙungiya ta kama hanyar Burmi

Ƙungiyar masu nazarin tarihin yaƙi da ke son zuwa Burmi ta jihar Gombe, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru ranar 27 ga Yuli, 1903, ya kamata ta fara da zaman walima a nan Kaduna. A yi laccar kafin a kawo tuwo, minti 40 kacal, domin ciki na cika gyangyaɗi ke biyo baya. Malamin ya zo da taswira, a kuma leƙa Gidan Arewa, ma'ajiyar kayan tarihi ta Kaduna, don takardun zamanin.

Tafiya sai da rani. Damina kan ɓata hanyar ƙauye. A kwana Gombe, a yi sammako ta Bajoga. Da isa a fara gaida mai gari, shi zai haɗa ku da ɗan jagora. Wurin makwancin shahidai ne, a rage murya, a yi addu'a.