Amanar da ke cikin lambar 250

Duk wanda ya taɓa zama gaban sabar imel, wato kwamfutar da ke karɓa da tura saƙonnin imel, don tsara hanyar da saƙonni za su bi ya san cewa aikin a ido ƙarami ne. Layi biyu ko uku za ka rubuta a cikin fayil, ka sake loda manhajar, ka tashi. Amma a cikin ayyukan kula da sabar da na yi, babu wanda ya koya mini natsuwa kamar wannan, kuma dalilin yana cikin ƙa'idar SMTP kanta, wato tsarin da sabobi ke bi wajen miƙa wa juna imel. Idan wata sabar ta gama turo saƙo, taka ta amsa mata da lambar 250, to daga nan mai turowa ya sauke nauyinsa, zai cire saƙon daga layin jiransa. Takardar da ta tsara SMTP, wato RFC 5321 ta shekarar 2008, wadda asalinta ke komawa ga ƙa'idar da Jon Postel ya rubuta a 1982, ta faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba: sabar da ta karɓi saƙo ta ɗauki alhakin isar da shi ko miƙa shi gaba, kuma ba a yarda ta ɓatar da shi kan dalili marar tushe ba. Wannan saƙon yana iya zama takardar neman aiki, ko sakamakon gwajin asibiti, ko amsar da wani ya kwana yana jira. Mai tsara hanya shi ne yake yanke hukuncin hannun wa amanar za ta shiga bayan ta bar nasa.

Abu na farko da ya zauna mini daram shi ne sabar ba ta karanta wasiƙa, ambulan take dubawa, kamar ɗan aiken kirki. Adireshin da mai karatu yake gani a saman saƙo, na wanda ya aiko da na wanda aka aika wa, rubutu ne kawai a cikin wasiƙar. Abin da ke tuƙa saƙo shi ne abin da sabobin biyu suka faɗa wa juna a farkon hirarsu, wato MAIL FROM (adireshin mai aikawa) da RCPT TO (adireshin mai karɓa). Sau da yawa biyun sukan zo ɗaya, shi ya sa mutane ba sa lura. Amma idan an saka mutum a ɓoyayyen kwafi, ko an juya saƙo daga wani akwati zuwa wani, sai su rabu. Wanda yake neman dalilin da saƙo ya bi wata hanya ta wajen duba saman wasiƙa zai daɗe bai same shi ba.

Da zarar ambulan ya iso, tambaya ɗaya sabar take yi wa kanta: wannan adireshin nawa ne, ko na wanda na yarda in miƙa masa ne, ko na waje ne? A Postfix, manhajar sabar imel da Wietse Venema ya rubuta lokacin yana IBM aka sake ta a 1998, amsar tana rarrabe a wurare daban. Yankin (wato sunan da ke bayan alamar @ a adireshi) da aka rubuta a saitin mydestination na gida ne, a nan za a ajiye saƙonsa. Wanda ke relay_domains baƙo ne da ka yi alkawarin kai masa. Sauran duk na waje ne. A nan ne na ga matsalar da ta fi kowace ruɗa mutane, kuma tana da kyau a tsaya a kanta. Ma'aikata ta kwashe akwatunan imel ɗinta daga tsohuwar sabar zuwa sabon wuri. An gyara DNS, wato kundin intanet da ke nuna na'urar da kowane sunan yanki yake nufi, an gwada daga waje, saƙonni suna shiga sabon wurin lafiya lau, kowa ya yi murna. Amma tsohuwar sabar tana nan tana aiki, tana aika sanarwar shafin ma'aikatar da rasidai da saƙonnin na'urorin cikin gida, kuma har yanzu sunan yankin yana cikin jerin na gida. Saboda haka duk saƙon da ya taso daga wurinta zuwa ga ma'aikaci, ba ta tambayar DNS ko kaɗan. A ganinta saƙon ya iso gida, sai ta zuba shi a tsohon akwatin da babu mai buɗewa. Babu ƙorafi a rajistar aiki, babu saƙon da ya dawo, komai a rubuce an isar. Irin wannan ɓatan ya fi wanda ke zuwa da hayaniya muni, domin makonni suna iya wucewa kafin wani ya ce yana jiran abin da bai zo ba.

Idan adireshin na waje ne, sai a koma ga bayanin MX da ke cikin DNS, wanda ke nuna sabar da ke karɓar imel na yanki, tsarin da aka shigo da shi tun 1986. Kowane MX yana da lamba a gabansa, kuma ƙaramar lamba ita ce ta gaba: mai 10 ake fara gwadawa kafin mai 20. Idan yanki ba shi da MX gaba ɗaya, sabar za ta nufi adireshin IP na sunan yankin kansa, wanda sau da yawa na'urar shafin intanet ce da ba ta san komai game da imel ba. Don haka ne aka fito da RFC 7505 a 2015, wadda ta ba yankin da ba ya karɓar imel damar faɗin haka a fili, ta yadda mai aikawa zai sami amsa nan take maimakon ya yi kwanaki yana ƙwanƙwasa ƙofar da ba za a buɗe ba.

Tsara hanya da hannu yana nufin ka ce wa sabar ta bar abin da DNS ya faɗa ta bi naka umarnin, kuma a nan alama ƙarama takan yi babban aiki. A jadawalin transport_maps na Postfix, idan ka rubuta sunan sabar gaba haka kawai, manhajar za ta je ta nemi MX na wannan sunan. Idan ka sa shi cikin baka mai kusurwa, kamar smtp:[192.0.2.10]:25, kai tsaye za ta nufi na'urar. Ka ɗauka kana da sabar tacewa a bakin ƙofa, ita MX yake nunawa, kuma ka ce mata ta miƙa saƙonni ga yankinka ba tare da wannan bakan ba. Za ta tambayi DNS, DNS ya nuna mata kanta. Postfix yakan gane wannan ya ƙi, ya rubuta cewa saƙon yana dawowa kansa. Wanda ya fi wahalar ganewa shi ne zagaye tsakanin sabobi biyu, wannan ta tura wa waccan, waccan ta dawo da shi, kowace tana bin umarninta daidai. Abin da ke tsayar da su shi ne ƙirgen zango: Postfix yakan yanke saƙo idan ya ga ya wuce hannu 50.

Jeri ma yana da nasa hukunci. Exim, wata manhajar sabar imel, wanda Philip Hazel ya fara rubutawa a Jami'ar Kambirij a 1995, yana gwada masu zaɓen hanyarsa ɗaya bayan ɗaya daga sama, na farkon da ya karɓi adireshi shi ke tafiya da shi. Ƙa'ida mai faɗi da aka ɗora a sama za ta haɗiye duk ƙananan da ke ƙasa, ko da an rubuta su daidai. A Postfix kuwa jadawalin transport ya fi relayhost (saitin da ke faɗin sabar da za a miƙa wa saƙonnin waje) ƙarfi, saboda haka tsohon layi ɗaya da wani ya bari shekarun baya zai iya karkatar da yanki guda alhali sauran suna bin sabuwar hanya. Ni dai ba na yarda da abin da idona ya karanta a fayil. Ina tambayar manhajar da kanta: exim -bt da adireshi zai faɗa maka inda saƙon zai nufa ba tare da ya aika komai ba, postmap -q kuma zai nuna abin da jadawalin ya ƙunsa a zahiri, wanda zai iya bambanta da rubutun idan an gyara fayil ba a sake gina jadawalin ba. Gwajin ya haɗa da adireshin gida, da na baƙo, da na waje, da wanda babu shi kwata-kwata. Na ƙarshen nan mutane suka fi mantawa, kuma shi ya fi tona asirin tsari.

Darasin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne bambancin amsar da ta fara da 4 da wadda ta fara da 5. Ta farko tana cewa ka dawo anjima, ta biyu tana cewa kada ka sake dawowa. Imel an gina shi a kan haƙuri. Ƙa'idar ta ba da shawarar mai aikawa ya ci gaba da gwadawa har kwana 4 zuwa 5, kuma Postfix a yadda yake zuwa kwana 5 yake riƙe saƙo. Ma'anar wannan ita ce sabar da ke kashe ba ta ɓatar da saƙo, jinkirta shi kawai take yi. Sabar da ke kunne da tsari marar kyau, tana ce wa kowa 550, ita ce ke kore saƙonni har abada. Saboda haka a lokacin babban gyara nakan kunna soft_bounce, wanda ke mayar da korar dindindin ta zama ta wucin gadi, in kuma rage wa'adin TTL na bayanan DNS, wato tsawon lokacin da ake riƙe su kafin a sake tambaya, tun kwanaki kafin ƙaura don kada wasu sabobin su riƙe tsohon adireshi. Idan abu ya rikice, gara in rufe ƙofa ta 25, wadda sabobi ke shigo da saƙo ta cikinta, in yi tunani da in bar ta a buɗe tana ba da amsar da ba daidai ba.

Wannan ne ya sa nake shakkar shawarar da ake yawan bayarwa cewa kowa ya kafa MX na biyu don ko-ta-kwana. Tunda masu aikawa suna jira da kansu, ƙaramar ma'aikata ba lallai ta buƙace shi ba. Kuma idan aka kafa shi babu kulawa, illarsa ta fi amfaninsa. Masu aika saƙonnin banza sun san na biyun yakan fi sakaci, sai su nufe shi da gangan. Idan ba shi da jerin sunayen masu akwati, zai ce 250 ga kowane adireshi, ya kai wa babbar sabar, ta ce ba ta san mutumin ba. Yanzu nauyi yana wuyansa, dole ya mayar da sanarwar gazawa ga wanda ambulan ya ce shi ya aiko, kuma wannan adireshin na jabu ne, na wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Duk sabar da ke bakin ƙofa dole ta san waye ke ciki, ta ƙi abin da ba ta da inda za ta kai tun ana cikin hira, kafin ta ce ta karɓa.

Batun wa ka yarda ya aika ta wurinka ba ya buƙatar dogon bayani: mynetworks, jerin na'urorin da aka yarda su aika ta sabarka, ya zama matsattse iya yiwuwa, masu amfani su shigo ta ƙofa ta 587 da suna da kalmar sirri. Sabar da ke miƙa wa kowa ba ta daɗewa kafin a gano ta a saka adireshinta a jerin waɗanda ake toshewa.

Hanyar fita kuma yanzu ba magana ce tsakaninka da sabarka kaɗai ba. Duk lokacin da ka sauya inda saƙonni ke fita, ka sauya adireshin da duniya za ta gani, kuma bayanin SPF na yankinka, wato jerin sabobin da aka yarda su aika da sunansa, dole ya san da shi, sa hannun DKIM, wato hatimin da ke tabbatar da asalin saƙo, ya biyo sabuwar hanyar. Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗansu, musamman ga masu aika saƙo da yawa, waɗanda aka wajabta wa DMARC, wato bayanin da yanki ke faɗin abin da za a yi da saƙon da ya kasa gwajin SPF da DKIM. Juya saƙo daga wannan yanki zuwa wancan ma yakan karya SPF, domin sabarka ce ke miƙawa amma ambulan yana ɗauke da sunan wani.

Idan aka zo da ƙorafin saƙo bai iso ba, wurare biyu nake zuwa. Idan akwai kwafin da ya isa a makare, layukan Received da ke samansa suna ba da tarihin tafiyar, ana karanta su daga ƙasa zuwa sama, kowace sabar da lokacin da ta karɓa. Idan babu kwafi, sai rajistar aiki: in nemo lambar shaidar saƙon, in bi ta layi-layi har in ga relay= da sunan na'urar da aka miƙa wa. Kalmar status=sent ba ta nufin mutumin ya gani. Tana nufin sabar gaba ta ce 250, kuma a wannan layin yawanci akwai lambar shaidar da ita ta ba saƙon. Wannan lambar, tare da lokaci da adireshin ambulan, su nake aika wa mai kula da waccan sabar, domin da su zai ci gaba da bin sawun saƙon a tasa rajistar.