Alhamdulillahi an ga Inna, ga godiyarmu

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi an ga Innarmu, tana gida yanzu haka lafiya lau sai dai gajiya da ƙafarta da ta kumbura saboda doguwar tafiya. A madadina da ƙannena da sauran dangi muna godiya ga duk wanda ya yi sherin hotonta a Facebook da grup-grup na WhatsApp, da gidajen rediyon da suka yi ta sanar da cigiya, da samarin unguwa da suka bazama kan babura har tsakar dare ko kuɗin mai ba su yarda sun karɓa ba. Allah Ya biya ku.

Godiya ta musamman ga wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai can wajen Kurna, ita ce ta ga tsohuwa zaune a bakin titi takalmi ƙafa ɗaya tana ta tambayar hanyar gidan babanta, mutumin da ya rasu tun kafin a haife ni. Yara sun fara taruwa har wasu sun fara cewa mayya ce, matar nan ta tashi daga kan kasko ta kore su ta ja Inna cikin gida ta dama mata koko ta wanke mata ƙafa, daga baya ɗanta ya gane hoton a waya ya kira mu. Hajiya, ba mu da abin da za mu saka miki, Allah Ya sa 'ya'yanki su ji ƙanki.

Sai likitan ƙwaƙwalwa da ya zaunar da mu ya yi mana bayani ba gaggawa. Mu da muke ɗauka gigin tsufa ne kawai ashe cutar Alzheimer ce, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai sa mantuwa, kuma wajen kashi biyu cikin uku na masu fama da ita mata ne, ko wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya fara bayyana cutar a kanta a 1906 ma mace ce. Wani dalilin dai mata sun fi maza tsawon rai, amma masana suna kuma duba raguwar sinadarin estrojin na jikin mace bayan ɗaukewar al'ada.

Nan ƙanwata ta fashe da kuka don kakarmu ma haka ta ƙare, ta ce likita kenan gado ne mu ma muna kan layi? Ya ce mata akwai ƙwayar halittar gado da ake kira APOE4, wanda ya gaje ta daga uwa ko uba haɗarinsa yana ƙaruwa kuma ta fi yi wa mata illa, in daga ɓangare biyu ne ya fi haka, amma mutane da yawa suna ɗauke da ita su tsufa tukuf da hankalinsu. Irin cutar da take gado zalla ba ta kai kashi 1 cikin 100 na masu fama da ita ba kuma da wuri take kama mutum, galibi kafin shekara 65. Har ya kawo mana binciken da aka fara a 1992 tsakanin tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar Indianapolis a Amurka, aka ga na Ibadan ba su kai na can kamuwa ba, tasirin APOE4 ɗin ma bai yi ƙarfi a kansu sosai ba. Gaskiya wannan magana ta kwantar mana da hankali.

Yanzu dai mu matan gidan duk za mu je a gwada mana hawan jini da suga kamar yadda ya ce, don su ma suna taimaka wa cutar, kuma mun ɗinka lambar waya a jikin hijaban Inna gaba ɗaya, maƙwabta sun ce za su riƙa sa mana ido a ƙofa. Masu son zuwa dubiya don Allah da hantsi, da yamma ta fi rikicewa, kuma kar wanda ya ji haushi in ba ta gane shi ba. A ci gaba da sa ta a addu'a. Mun gode, mun gode ƙwarai.