Abin da takardun VAT suka koya mini game da gardama

Aikina cike wa ƙananan kamfanoni takardun haraji ne a Kano, shi ya sa duk lokacin da rigimar VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan sayen kaya da ayyuka, ta tashi a Facebook sai 'yan'uwa su dinga turo mini jadawalin nan: ga abin da kowace jiha ta tara, ga abin da ta karɓo daga Abuja. A ƙarƙashinsa kuwa zagi ne tsagwaronsa. Wancan ya ce 'yan Arewa cima-zaune ne, wannan ya ce ai da kuɗin gyaɗa aka haƙo man, kafin ka ankara an shiga iyaye.

Wutar ta kama sosai a 2021, da Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ta ce Jihar Ribas ce ke da ikon karɓar VAT a ƙasarta, ba FIRS, hukumar tara haraji ta tarayya, ba. Ta sake ruruwa a Oktoban 2024, bayan Shugaba Tinubu ya aika wa Majalisa ƙudurorin haraji huɗu, gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ƙi amincewa a raba kashi 60 na kason jihohi bisa inda kuɗin ya fito.

Wanda ya saba da takardun ya san jadawalin ba ƙarya ba ne, amma bai faɗi komai da komai ba. Bankuna da kamfanonin waya daga hedikwatarsu suke biya, akasarinsu kuma a Legas suke. Katin wayar da mai shayi ya saya a Fagge, a tsohon tsari, a takarda Legas ce ta tara harajinsa. Masara, gero, albasa da tumatir kuwa doka ta yafe musu VAT, don haka gumin manomi ba ya fitowa a lissafin ko kaɗan. Na lura idan na shimfiɗa wa mutumin Kudu wannan ba tare da na taɓa ƙabilarsa ba, yakan tsaya ya yi tambaya. Idan wani ya riga ni da ashar, to ko alƙaluman Babban Banki na kawo ba mai dubawa.

Mai wuyar shi ne idan gaskiyar tana hannun abokin gardama. 'Yan Kudu sukan ce Hisbah tana fasa kwalaben giya, jihar kuma tana karɓar kasonta daga asusun da har da harajin giya a ciki. Tambaya ce mai nauyi, kuma ko malamai za su iya zama a kanta. Kiran mai tambayar maƙiyin addini ba ya amsa ta. Haka zancen cewa yawancin jihohinmu ba za su iya biyan albashi ba in babu kason wata-wata na FAAC, kwamitin da ke raba kuɗin tarayya. Da ciwo, amma haka ne, kuma gwamnoninmu ya kamata mu tsare da wannan tambayar, ba ɗan kasuwar Alaba ta Legas ba.

Dokar da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta ɗaga kason jihohi daga kashi 50 zuwa 55, a raba shi haka: rabi daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kaya. Wannan kashi 30 ɗin ya dogara ne kan yadda kamfanoni za su rubuta inda suka sayar da hajarsu, wato kan irin takardun da muke cikewa a ofis. A nan kuɗin Kano zai ƙaru ko ya zurare, amma masu ashar ɗin ban ga sun waiwayo wajen ba tukuna.