Takardar da aka naɗe min ƙosai da ita

Taronmu na farko na wayar da kai kan haƙƙin mutane a waya da intanet, a Unguwar Rogo, mutum bakwai ne suka zo, kuma ina zargin biyu daga cikinsu sanyin Jos ne ya koro su ajin. Na sha shiri. Na kawo labarin rufe Twitter da gwamnati ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, da hukuncin kotun ECOWAS cewa rufewar ta saɓa wa doka. Ina tsaka da zuba wani dattijo ya ɗaga hannu.

"Yaro, mu fa Twitter ba ta dame mu ba. Amma da aka katse layukan waya a Zamfara, makonni na yi ban ji muryar 'yata da ke aure a Gusau ba."

A Satumban 2021 aka yi wannan katsewar, kuma ko layi ɗaya babu a kai cikin jawabina. Ranar na koma gida jiki a sanyaye.

Ƙosai ne ya gyara min aiki. Na saya a wajen kasuwar Taminus, ina buɗe ƙunshin sai ga fuskar wata mata tana kallona ta cikin maiƙo. Kwafin takardar NIN ɗinta ne, wato lambar shaidar ɗan ƙasa: suna, lamba, adireshin gida, komai. Na ce wa mai ƙosan, "Mama, ina kika samo takardun nan?" Ta ce, "Saya nake yi, ɗan nan, wurin masu shagon fotokwafi." Tun Disambar 2020 da aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN muke ta zubar da irin waɗannan kwafin a shaguna, ba mai tambayar ina suke ƙarewa.

Na shafe suna da lambar da baƙin alƙalami, na kai takardar taro na biyu. Tana zagayawa hannu zuwa hannu bakuna suka buɗe. Wata Hajiya ta ce ɗanta ya ci bashi a wata manhajar lamuni, ya yi lattin biya na 'yan kwanaki, sai aka tura wa duk lambobin da ke wayarsa saƙo cewa ɓarawo ne, har surukansa. Kalmar da ta yi amfani da ita, tonon silili, ta fi duk abin da na rubuta. Daga nan na nuna musu inda ake hana manhaja ganin lambobin waya, sannan na kawo sashe na 37 na kundin tsarin mulki, wanda ya kare sirrin ɗan ƙasa, da dokar kare bayanai ta 2023, wadda ta ba mutum damar neman a goge bayanansa, ko ya kai ƙorafi hukumar kare bayanai a Abuja.

Ƙorafin ɗan Hajiya bai je ko'ina ba. Kunya ta sa ya goge saƙonnin da manhajar gaba ɗaya, muka rasa shaida. Yanzu abin da nake fara faɗa shi ne a ɗauki hoton saƙon, da lambar da ta turo, da kwanan wata, kafin a taɓa komai.

Da za mu tashi na miƙa takardar halarta, kowa ya rubuta suna da lambar waya. Dattijon nan ya juya ta, ya dube ni.

"Malam, ita kuma wannan, ƙosan wa za a naɗe da ita?"

A gabansa na yayyaga ta. Tun ranar ƙirga kawuna kawai muke yi.