Wake fari, wake ja

Asabar, sha ɗaya da rabi na dare, Tudun Wada.

Ruwan da ya sauko tun azahar bai ɗauke ba har yanzu, ya dai koma yayyafi. An ɗauke wuta tun magariba, layinmu duhu ƙirin, ni kuwa ina rubutu da ƙwan da na jona wa tsohon batirin da wani ya bar mini a madadin kuɗin aiki. Mai haɗa sola ɗakinsa ba ya duhu, aljihunsa ne dai ba a magana.

Da safe Malali na je. Wani Alhaji ne ya kira ni, tsawar daren Alhamis ta kashe masa inbata. Ina kwance murfin, ƙauri ya buge ni. Allon ciki ya yi baƙi, wasu ƙananan kayan sun fashe kamar gugguru. Na hau sama na duba: faifan sola takwas a kan ƙarfe, a saman bene, gidan da ya fi kowane tsawo a layin, kuma babu ko zaren waya ɗaya da aka saukar ƙasa. Wanda ya yi aikin farko ya cinye kuɗin atin.

Alhaji ya tsaya a ƙasa yana kallona. Ya ce, "Injiniya, gida nawa ne a layin nan? Me ya sa sai nawa? Ni fa ina ganin da hannu a ciki." Na ce, "Ranka ya daɗe, ko ni ne tsawar, naka zan fara gani." Ya yi dariya ba don ya so ba. Na yi masa bayani cewa wutar da ke taruwa a gajimare hanyar sauka take nema, kuma abu mai tsawo na ƙarfe gayyata ce. Ya ce duk da haka ai da sanin Allah. Na ce ƙwarai kuwa, sandar tagullar da zan kafa ma da saninSa ne. Mun daidaita bayan ya rage mini dubu biyar.

A hanyar dawowa ruwa ya tare ni a Unguwar Rimi, na fake da mashin a rumfar wani mai shayi. Nan na koma tsohuwar ɗabi'ata ta ƙirga tazarar da ke tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa. Malaminmu na kimiyya a sakandare ne ya koya mana. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, sauti kuwa mita 340 ko kusa da haka, don haka duk daƙiƙa uku da ka ƙirga, kilomita ɗaya ke nan tsakaninka da inda ta faɗi. Na ƙirga tara, na ƙirga shida, ta uku ban kai biyu ba ta fashe, mai shayin ya saki ludayi yana salati, ni ma na taya shi. Kakarmu tana da wani baƙin dutse mai santsi da take ɓoyewa a tukunya, ta ce gatarin aradu ne, daga sama ya faɗo. Sai da na girma na ji cewa irin waɗannan duwatsu mutanen da ne suka wasa su don sara. Wannan na ajiye shi. Amma ayar Suratur Ra'adi da ta ce tsawa tana tasbihi da gode wa Ubangiji, ban taɓa jin ƙirgata ta ci karo da ita ba. Ina ƙirga, ina salati, baki ɗaya ne ke yin duka biyun.

Da na san abin da ke jirana a gida, da na ƙara kofi ɗaya.

Ƙanwata Auta da yaron da ke nemanta sun karɓo sakamakon gwajin jini na sikila. Ita AS, shi AS. Shekara biyu yana zuwa zance, manya sun shiga, maganar sa rana kaɗai ta rage. Na same ta a ɗakin Umma idanu sun kumbura, Kawu ya taso tun daga Rigasa cikin ruwan nan, yana zaune a kan darduma da carbi. Ina cire takalmi Auta ta tare ni: "Yaya, ai ɗaya cikin huɗu aka ce. Shi ya ce sai mu haifi uku mu tsaya."

Wallahi sai da tausayinta ya kama ni, domin lissafin yana da kama da gaskiya. Na ce ta ɗebo mini wake a kicin, fari da ja, da kofi biyu. Na sa fari ɗaya da ja ɗaya a kowane kofi. Na ce wannan kofin ke ce, wancan shi ne. Fari A, ja S; in ja da ja suka haɗu, sikila ke nan. Kowane ciki za ki ba da ƙwaya ɗaya, ya ba da ɗaya, kuma ba mai zaɓa. Rufe ido ki ɗauka. Ta sa hannu, yatsunta na rawa. Na farko ja da ja. Ta ce ba ta shirya ba, a sake. Muka mayar da waken muka girgiza. Na biyu fari da ja. Na uku ja da ja kuma. Ta ɗago ta dube ni kamar ni na shirya abin. Sai da muka yi sau arba'in, ina jan layi a bayan takardar gwajin. Ja da ja ya fito sau goma sha biyu. Na ce kin gani, kofin ba ya tuna abin da ya bayar ɗazu. Ciki na huɗu bai san an yi na farko ba. Akwai masu 'ya'ya shida duk lafiya, akwai masu uku duk sikila, kuma jininsu iri ɗaya ne da naku.

Wannan lissafi ba nawa ba ne. Wani limamin coci ne, Gregor Mendel, a garin Brno da ke ƙasar Cek ta yanzu, ya shafe wajen shekara takwas yana aurar da tsirran wani nau'in wake a lambu yana ƙirga 'ya'yansu, ya buga abin da ya gano a 1866, ba wanda ya kula sai a 1900, shi kuwa ya riga ya mutu. Abin da ya fi ɗaure mini kai game da sikila shi ne ƙanƙantar asalinta. Rubutun halittar da ke cikin ƙwayar jikin mutum haruffa ne wajen biliyan 3. Harafi ɗaya tak ne ya sauya, a wurin da ke ba da umarnin ƙera sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. Saboda harafin nan, idan iskar ta yi ƙaranci sai ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi, yaro ya kwana yana ihun ƙashi. Ni da na saba ganin waya ɗaya da aka juya ta ƙone inbatar miliyan, abin bai kamata ya ba ni mamaki ba, amma yana ba ni. Kuma harafin bai yaɗu a banza ba. A 1954 wani mai bincike, Anthony Allison, ya nuna a gabashin Afirka cewa mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shi ya sa ya yi yawa a ƙasashen sauro. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa jarirai 150,000 ake haifa da cutar duk shekara a ƙasar nan. Garkuwar da ta tsare kakanninmu ita ce yau ta tsaya tsakanin Auta da yaron nan.

Na faɗi wani abu daga cikin wannan, na kuma yi tsawon baki, na sani. Kawu ya bar ni na gama. Sai ya ce, "To injiniya, shi wannan harafin, ka taɓa ganinsa da idonka?"

Na ce a'a.

"Ashe kai ma ji ka yi ka gaskata."

Ya kama ni, ba ƙarya. Ban taɓa ganin harafin ba, ban taɓa ganin ƙwayar lantarki ba, duk da ta sha jefar da ni daga kan tsani. Wane ya ji daga wane, wane ya karanta a wurin wane. Ni ma da isnadi nake tafiya. Iyakar abin da na iya cewa shi ne, wannan ruwayar ana iya komawa a sake ta. Mu kai jinin wani ɗakin gwajin ranar Litinin, a wata unguwa, wurin mutanen da ba su san mu ba. In sun ce AA, ni zan fara rawa a bikin. Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, da ɗaki mai duhu da 'yar huda ya nuna yadda haske ke tafiya a miƙe, kuma har littafi ya rubuta na shakkunsa a kan Batlamus, masanin taurari na zamanin da, wanda kowa ke sara wa a lokacin.

Na ɗauka gardamar gado za mu yi, sai Kawu ya ba ni kunya. Shi da kansa ya kawo hadisin baƙauyen da ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zargi don matarsa ta haifi baƙin yaro. Aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye. Akwai mai ruwan toka a ciki? Ya ce akwai. Daga ina? Ya ce wataƙila wata jijiya ce ta asali ta jawo shi. Aka ce to ɗanka ma wataƙila haka ne. Kawu ya ce, "Gado ba baƙonmu ba ne, ɗan nan. Abin da nake tambaya, ka ƙirga sha biyu, saura ashirin da takwas fa? Wa ya ba ka ikon hana su zuwa duniya?" Na ce Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, aka ce gudun ƙaddarar Allah kake? Ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Kawu ya gyaɗa kai, ya ja carbi biyu, ya ce, "Haka ne. Sai dai Umar ayari ya juya, ba zuciyar yarinya ba."

Nan kayan aikina suka ƙare. Mita tana gaya mini wuta nawa ce a waya. Ba ta taɓa gaya mini ko in taɓa ba. Ni dai ra'ayina a fasa, na kuma faɗa a fili, domin mai shan wahalar ba ya cikin ɗakin balle a ji ta bakinsa. Kano ma tun 2024 ta mayar da gwajin nan doka kafin aure. An ce akwai maganin gyaran ƙwayar halitta, Casgevy, da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023. Dala miliyan 2.2 ne kuɗinsa a Amurka. Ban ma kawo zancensa ba, kar in zama mai nuna wa mayunwaci hoton tuwo. Aka tashi a kan za a sake gwaji, kowa ya yi istihara.

Tun da na dawo ɗaki nake juya maganar kofin nan. Waken ba sa'a ya bi ba; da na san inda kowace ƙwaya ta kwanta da inda yatsan Auta zai sauka, da na faɗi abin da zai fito. Jahilcina ne nake kira ɗaya cikin huɗu. Masana kimiyyar ƙwayar zarra kuwa sun ce a can ƙasa abin ya wuce haka, ko ka san duk abin da ake iya sani, yiwuwa kawai za ka samu. Einstein, wanda bayaninsa na 1905 kan yadda haske ke fizgo lantarki daga ƙarfe ya kai shi ga kyautar Nobel, bai taɓa sakin jiki da wannan ba. A wasiƙarsa ga abokinsa masanin kimiyya Max Born a 1926 ya ce shi dai ya tabbata Ubangiji ba ya caca. Daga inda nake zaune, ni ba na iya bambance su. Duka biyun gaibu ne a wurina.

Amma ba Einstein ne ya hana ni barci ba. Umma ce. Duk zaman nan ba ta ce uffan ba. Kafin a haife ni ta binne biyu, mace da namiji, ba wanda ya kai shekara huɗu. Tun ina yaro nake jin labarin: hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi ɗorawa, kuka dare da rana, musamman da damina. Aka ce wabi ne, shi ya sa har yau tsofaffin dangi ke kirana da sunan da ba na so. Aka kuma ce wata tsohuwa ce a maƙwabta ta kama kurwarsu. Yara suka riƙa jifan ƙofarta har ta bar unguwar. Shekara talatin da wani abu ina ɗauke da labarin nan a aljihu ɗaya, Mendel a ɗaya aljihun, sai yau da na ga takardar Auta suka haɗu.

Ba zan iya tabbatarwa ba. S ɗin Auta daga ɗayansu ya fito, wannan babu shakka. In aka gwada Umma ta fito AA, zargina ya mutu. In ta fito AS, rabin amsa ke nan, sauran rabin yana maƙabarta tare da Baba. Kuma ko da na samu cikakkiya, ban san wa zan kai wa ba. Tsohuwar ta daɗe da rasuwa.

Bayan isha na leƙa in yi mata sai da safe, na tarar tana tsince waken daga kofunan tana mayarwa a buhu, fari gefensa, ja gefensa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Shi gwajin nan, har tsofaffi ana yi musu?" Na ce ana yi, Umma. Ta ɗaure bakin buhun, ta ce in ja mata ƙofa, sanyi na shigowa.