Hunturun Antaktika

Jiya da dare na kalli wani shiri a kan Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya, har yanzu abin bai bar raina ba. A can akwai fengwin, tsuntsun teku da ba ya tashi sama. A nau'insa mafi girma, macen ce ke yin ƙwai ɗaya tak, ta miƙa wa namijin, ta tafi teku neman abinci. Shi kuwa ya ɗora ƙwan a kan ƙafafunsa wajen wata biyu, cikin duhu da iska, bai ci komai ba. Ikon Allah!

A tashar bincike ta Bostok, wadda Rasha ke da ita a can, an auna sanyi digiri 89.2 ƙasa da sifili a 1983. Mu da hunturun Kano ke hana wanka! Amma masana na can, suna haƙo tsohuwar ƙanƙara don karanta iskar da ta maƙale ciki shekaru dubbai.