Farashin albasa da fayil ɗin da ya ƙi shiga R

Ƙanwata ce ke rubuta aikin kammala karatunta kan farashin albasa da gero a kasuwannin Marwa, Mokolo da Yagwa na arewacin Kamaru, mutum uku suka tattaro mata alƙaluman, kowa ya buga nasa yadda ya ga dama, aka haɗe a fayil guda na rubutu. Ranar Asabar ta zo min da kwamfuta ido ya yi ja, wai Yaya don Allah duba min, R ya ƙi karɓa. R ɗin nan manhaja ce ta nazarin alƙaluma a kwamfuta.

Ta sa read.csv ne, umarnin da R ke karanta irin wannan fayil da shi, komai ya dunƙule a shafi ɗaya. Wannan kam sananniyar matsalarmu ce a nan, Excel ɗinmu na Faransanci ne, waƙafi yake sawa inda masu Turanci ke sa ɗigo, 12,5 maimakon 12.5, shi ya sa in ya fitar da CSV, wato fayil ɗin alƙaluma na rubutu zalla, sai ya raba bayanan da waƙafi mai ruwa. Akwai read.csv2 da aka yi musamman don haka. Muka sa, wani ɓangare ya shiga, sauran ya watse, don na Mokolo da tab ya raba nasa, kuma ya rubuta layuka huɗu na bayani a sama kafin sunayen shafuka.

Sai na ce mu bar gaggawa, mu buɗe shi da readLines mu karanta da ido layi layi kamar wasiƙa. A nan fa muka ga abubuwa. Farashi an rubuta 12 500 da fili a tsakiya, R ya ɗauke shi kalma ba lamba ba, kuma wani filin ba na yau da kullum ba ne, irin wanda Excel ke sawa ne da kansa, gsub ɗinmu na farko, umarnin nemo abu a rubutu a musanya shi, bai ma taɓa shi ba. Inda babu farashi wani ya sa ND, wani ya ja ɗan layi, wani ya bar wurin wayam, duk muka zuba su cikin na.strings, inda ake faɗa wa R alamomin da ke nufin babu bayani. Kalmar février ta koma fÃ©vrier saboda rikicin UTF-8 da latin1, tsare-tsare biyu na ajiye haruffa a kwamfuta, ƙ da ɗ na sunayen 'yan kasuwa kuwa sun zama alamar tambaya tun wajen ajiye fayil ɗin, waɗannan ba sa dawowa sai da muka koma takardun asali.

Amma abin da ya fi tayar min da hankali R bai yi ƙorafi a kansa ba ko kaɗan. Bayan komai ya shiga lafiya lau, na duba summary, wato taƙaitaccen bayanin alƙaluman, sai na ga buhun gero a wasu layukan Marwa ya yi arha ninki biyar. Ashe yaron da ya tattaro ya rubuta abin da ɗan kasuwa ya faɗa masa ne da baki, a dala, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, wasu ranakun ya juya lissafin wasu ya manta. Wallahi da haka aka miƙa aikin da an ce gero ya faɗi warwas a Marwa, alhali mutane na kukan tsada, kuma yarinyar nan wata shida tana wahala a kai.

Asalin fayil ɗin ba mu taɓa shi ba, duk gyaran yana cikin sikirif, wato jerin umarnin da muka rubuta wa R, kowane layi da dalilinsa a gefe. Saura layuka 17 da ba mu tabbatar ko dala ce ko sefa ba, gobe da safe za ta hau mashin ta je gidan yaron da takardun.